Tafsirin Malam a Kan Kashi Shida

A rumfar mai cajin waya a kasuwar Makarfi, wani dattijo ya ɗora kwamfutar laftof a cinya. Wata mata tana gefensa tana jiran wayarta.

"Baba, ta ƙi caji ne?"

"Tun jiya, 'yata. Ta nemi sabunta manhaja, na danna mata. Tana gamawa ta daina shan wuta. Caja biyu na gwada. Kashi shida ya rage."

"To, ba laifin caja ba ne, tawa ma ta taɓa yin haka. Ku kashe ta, ku zare cajar, ku danne maɓallin kunnawa minti guda. In ta ƙi sai mai gyara, shi kuwa yana iya goge komai. Me ke ciki?"

"Tafsirin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Na azumi goma sha ɗaya, da muryarsa."

"Amin. Ai kun kwafe shi a wani wuri?"

"A'a."

"Ko wajen 'yan'uwanku babu?"

"Sun roƙa, na hana. Ni ne babba. Mai son ji ya zo zaurena ya zauna."

"Suna zuwa?"

"Ƙanena Uwaisu ya zo sau ɗaya, bara waccan."

"Ku gafarce ni, Baba, amma Malam bai yi karatun nan don ya ƙare a cinyarku ba."

Dattijon ya danne maɓallin yana ƙirge a hankali, sannan ya mayar da cajar. 'Yar fitilar ta kama.

"Alhamdu lillahi. 'Yata, ɗan abin nan da ake kwafa a ciki, ina ake sayar da shi?"

"Filas? Layin masu waya. Guda nawa kuke so?"

"Mu bakwai Malam ya bari."