Ƙwayoyin da Na Raba wa Maƙwabta

'Yan'uwana a cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau da ƙafafuna. Ni ce Saratu matar Auta, daga ƙauyenmu na bayan Malikanchi. Da yawanku kun san ni da kyauta. To ku ji, kyautar nan ce ta kusa kai ni kabari.

Bara, lokacin cirar gyaɗa, ciwon fitsari ya kama ni. In na tsuguna sai in ji kamar an zuba mini barkono, kuma yanzu na dawo, yanzu zan koma. Kunya ta hana ni faɗa har kwana huɗu. Da abin ya ci tura, ni da Auta muka taka zuwa ɗakin magani na mishan.

Malam Yohanna, mai ba da magani a wurin, ya ba ni wasu fararen ƙwayoyi, irin sababbin nan da Turawa suka kawo. Ya ce, "Saratu, biyu-biyu za ki riƙa sha, sau huɗu a yini. Ba ki da agogo, to ki bi kiran sallar maƙwabtanku, asuba da azahar da magariba, sai kuma in za ki kwanta. Kwana bakwai cur. Ki sha ruwa da yawa. Ko kin ji sauƙi, kada ki rage ko ɗaya."

Na ce to. Kwana biyu kacal, zafi ya ɗauke, na koma gona garau.

Kun san yadda aka rene mu. Abin kirki ba ya shigowa gida ka ci kai kaɗai, ko goro ɗaya ne sai an fasa. Inna Delu, tsohuwar da muke katanga ɗaya, tana fama da gwiwa, na ba ta goma. Matar ƙanen Auta ta ce kanta na sarawa, na ba ta shida. Sauran na ƙulle a tsumma na jefa cikin kwalla, wai don gaba. Har daɗi nake ji, a zatona aikin Kirista na yi.

Ba a yi kwana goma ba ciwon ya dawo, da fushinsa. Rana tsaka ina rawar ɗari, gefen bayana kamar ana sara, fitsarina ya koma ja. Auta ya ɗora ni a jaki. A hanya na zame na faɗi, na kasa tashi. Nan ya durƙusa cikin ƙura ya ce, "Ya Yesu, ba ni da wata dabara. Ka riƙe mini ita mu isa." Ni ma na ce amin a zuci, don baki ya ƙi buɗewa. Muka isa.

Malam Yohanna ya tambaye ni, "Kin shanye maganin?"

Na ce, "Na sha na kwana biyu, Malam. Wasu na raba wa Inna Delu, tsohuwar maƙwabciyarmu mai ciwon gwiwa, da matar ƙanen Auta, sauran na ajiye."

Ya zauna, ya dube ni. "Kin raba? Saratu, ciyawa kika sare daga sama kika bar saiwa. Ciwon ya hau har ƙoda. Da kun ƙara kwana biyu a gida, gawa za a ɗauka. Tsohuwar nan kuma, maganin ba na gwiwa ba ne. In ba ta shan ruwa sosai, zai iya tsayar mata da fitsari."

Ni da hannuna na kusa kashe kaina, na kusa kashe Inna Delu! Auta ya koma da gudu, ya tarar biyu kawai ta sha, sauran ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma. Wannan ba wayonmu ba ne, Ubangiji ne ya tsare.

Na yi kwanaki a kwance a can, aka sallame ni da sauran magani. Washegari wata maƙwabciya ta shigo tana matse ciki, ta ce, "Yaya Saratu, ko ɗaya ce ki taimaka." Tun da aka haife ni ban taɓa hana mutum abin da ke hannuna ba. Na ce mata a'a ina hawaye. Sa'an nan na yafa gyale, na kama hannunta, na raka ta wurin Malam Yohanna.

Na gode wa Yesu da ya cece ni daga kuskurena. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi. Ku raba hatsi, ku raba goro, amma maganin da aka ba ku, ku shanye shi har ƙwayar ƙarshe. Amin.