Ranar Asabar A Yi Wa Gafaru Shiru

Mai girma Shugaban Ƙungiyar Zongo ta unguwar Mount Hope a nan Amurka, Alhaji Alkasim. Limamanmu masu daraja. Iyayenmu mata, ginshiƙan wannan zaure. Direbobin tasi da suka ajiye mota inda doka ta hana domin su saurare ni. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka damƙa wa ƙaramin bawa irina lasifika, karamcin da tarihi zai yi nadamarsa.

Jama'a, albishirinku! Ranar Asabar ɗanmu Gafaru, mai shekara goma sha tara, zai jagoranci 'yan farmakin kwalejinsu a ƙwallon Amurka, wadda ake jefawa da hannu. Shi ne kwatabak: shi ke ba da umarni, shi ke jifa. Hannu gare shi tamkar majajjawa. A gabansa ƙarti biyar ke tsaronsa, kowanne ya kai firjin shagon Alhaji. Bana, in Allah ya yarda, za a ga ambaliyar maki!

Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bara, da aka sako shi na minti biyar, mun je mu arba'in da kalangu biyu. Yaro ya sunkuya zai kira lambobin da abokansa ke jira kafin su motsa, sai muka ɓarke da kiɗa, mahaifiyarsa Mma Rafi'atu ta rangaɗa guɗa. Babu wanda ya ji shi. Ƙartin suka tsaya kamar masu jiran jirgin ƙasan unguwarmu mai lamba D, abokan hamayya suka bi ta kansa sau biyu. Koci ya zaunar da shi har ƙarshen kakar wasa. Kawu Abdul-Rahman kuwa cewa ya yi, "Kai, ba mu buga da ƙarfi ba ne, shi ya sa!"

To, bana wasa ɗaya koci ya ba shi. In aka sake, akwai wani yana jiran gurbinsa.

Saboda haka, idan ƙwallo na hannunmu, shiru kamar ana huɗuba. Idan ta koma hannunsu, ku kaɗa, ku kurma ihu, ku rikita su har su manta sunan kakanninsu!

Mma, ke kika haife shi, guɗa haƙƙinki ce. Daƙiƙa goma kacal muke roƙo: ki riƙe ta har ya jefa.

Allah ya daidaita jifansa, ya tsare ƙashinsa, ya albarkaci wannan taro, ya ba mu ƙarfin nuna ƙauna da baki a rufe.

Na gode.