Ƙarar Inbata da Na Ƙi Saurara

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Dattijo ne daga Maamobi yake rubuto muku.

'Yata Rabi, wadda ta koyi aikin lantarki, ita ce ta haɗa mana inbata, injin da ke ba da wuta daga batir, saboda yawan ɗauke wuta. Duk sanda muka jona firiza da dutsen guga tare, sai ya yi ƙara ya kashe kansa. Ta ce, "Baba, ba lalacewa ya yi ba, kaya ne suka yi masa yawa." A gaban baƙi na ce mata na san wuta tun kafin a haife ta. Na kira wani mai gyara, ya cire abin kariyar da ke sa inbatan kashe kansa, ya ƙara ƙarfin cajin.

Bayan mako biyu batirin ya kumbura, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin da jikokina ke barcin rana. Allah Ya kiyaye, an fito da su lafiya.

Rabi ta zo ta kwashe wayoyin da suka ƙone. Har yau gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Jama'a, kada ku cire kariyar nan. Ku kuma ba ni shawara: da wane baki uba zai nemi gafarar 'yarsa?