Kafin a Kwashe Shari'unmu Zuwa Kotu Ɗaya

Shugabar wannan taro, Uwargida Verna Halvorsen. Fasto Lindgren, wanda ya buɗe mana zauren coci tun da sassafe. Lauyanmu, Barista Whitcomb, da ya taso takanas daga Minneapolis. Dattawanmu maza da mata. 'Yan'uwana da kuka keto ƙanƙara daga gonaki da ƙauyuka, ina gaishe ku gaisuwa ta girma, kowa da sunansa.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ina kuma godiya ga waɗanda suka dafa mana kofi, domin maganar da zan yi ba ta shiga ciki da sanyi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Arlen Stokke, kiwon shanun madara ne sana'ata. Shekara uku ke nan, wata safiya a Janairu, na dawo daga tatsa na tarar da matata Marlys kwance a ƙasan kicin, hannunta duk ƙullun burodi. Murhun ɗumama ɗaki da muka saya sabo fil ne ya dinga fitar da iskar guba, marar wari marar launi. Ta rayu, mun gode Allah. Amma matar da ta shekara talatin tana koyar da lissafi, yau ni take tambaya sunan jikarta. Kowa a zauren nan yana da irin nasa labarin, na wasu ma ya fi nawa ɗaci. Shi ya sa muka kai kamfanin murhun ƙara.

To, yanzu kamfanin ya roƙi a tattara ƙararrakin duka, ɗari huɗu da 'yan kai daga jihohi tara, a kai su gaban alƙali ɗaya a Atlanta. Yau aka ce mu yanke shawara, mu amince ko mu ƙalubalanta.

Da farko, kada wani ya fita ya ce Arlen ba ya son haɗin kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na san lauyan wata bazawara a Michigan ne ya tono takardar da injiniyan kamfanin ya rubuta yana gargaɗi tun kafin a sayar da murhu ko ɗaya, kuma idan aka haɗa mu, takardar ta zama ta kowa. Wannan alheri ne, ban musa ba.

Amma na biyu, wa ya roƙi a haɗa mu, kuma yaushe? Shekara uku kamfanin nan yana rantsuwa cewa ba mu da alaƙa da juna. Ni an ce ban share bututu ba, Darlene da ke zaune nan an ce ta toshe taga, wani an ce shi ya kafa abinsa a karkace. Shekara uku kowa laifinsa daban, shekara uku kowa murhunsa daban. Sai da ya rage mako bakwai a fara sauraron tamu shari'ar a nan, gaban masu taya alƙali hukunci, mutanen da suka san tsananin sanyinmu, sannan kamfani ya farga cewa ashe duk abu ɗaya ne ya same mu. Jama'a, ruwa ba ya tsami banza.

Na uku, lokaci. Shekaranjiya na je gaida Elmer Kroeze, wanda ya rasa matarsa a wannan masifa. Shekarunsa tamanin da huɗu, ga tukunyar iskar taimakon numfashi a gefen kujerarsa. Na ce masa an ce haɗin zai ɗauki shekara uku ko huɗu. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Kai Arlen, ni da ko ayaba ɗanya na daina saya don ban san ko zan ga nunarta ba? Ka ce musu in suna son shaidata su zo da wuri, ko su iske ni a maƙabartar bayan coci." Na yi dariya a gabansa, amma da na shiga mota na kasa tayar da ita. Kamfani ba ya tsufa, 'yan'uwa. Mu ne muke tsufa.

Na huɗu, Barista, ka gafarce ni, gara in faɗa a gabanka da in faɗa a bayanka. A Disamba, a wannan zaure, ka daki tebur ka ce ba inda shari'armu za ta. A Fabrairu ka ce haɗin shi ne mafita. A tsakani na ji cewa alƙalin can zai naɗa lauyoyi kaɗan su ja ragamar sauran, kuma sunanka yana cikin waɗanda ake ambata. Na buga maka waya na tambaye ka, ka ce, "Haba Arlen, ai gara namu a teburin da bare." Wataƙila gaskiyarka ce. Ban ce ka sayar da mu ba. Amma me ya sa sai a bakin wani na fara ji? Kada a wayi gari kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Roƙona shi ne mu ƙalubalanta. Idan kuma aka fi ƙarfinmu aka haɗa, mu dage a naɗi shaidar tsofaffinmu kafin bazara, mu dage a sa ɗaya daga cikin shari'unmu a sahun farko, kuma lauyanmu ya rubuta mana da hannunsa abin da zai samu da abin da za mu rasa.

Saura abu ɗaya, wanda ko shugaba ban gaya wa ba. Ranar Litinin wani mutum mai tsadadden kwat ya same ni a garke. Ya ce kamfani yana tausayina, a shirye yake ya sallame ni ni kaɗai, tun kafin a tafi Atlanta, da sharaɗin in sa hannu a wata takarda in kuma kame bakina. Ya ce, "Kai kaɗai muka zaɓa." Ba zan ɓoye muku ba, kwana biyu takardar tana aljihuna, kuma na so in sa hannu. Ga ta nan, ban sa ba.

Yanzu ina roƙo, ba don a kunyata kowa ba. Duk wanda mutumin nan ya je wa, ya ce masa shi kaɗai aka zaɓa, ya ɗaga hannu.

Ɗaya. Biyu. Ke ma, Darlene? Biyar. Bakwai. Kada ku sauke, ku waiwaya ku dubi juna. Goma sha ɗaya, a zaure ɗaya! Kamfanin da ke gaya wa alƙalai yana son a haɗa mu, shi ne yake bin mu gida gida yana raba mu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda muka binne. Allah ya ba alƙalai basira, ya ba lauyoyi tsoronsa, mu kuma ya hana mu cin amanar juna. Allah ya mai da kowa gida lafiya a kan wannan ƙanƙara.

Shugaba, a kaɗa ƙuri'a tun hannayen nan ba su gaji ba.

Na gode.