Allurar Da Na Hana 'Yata

Ina gaishe ku da sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ne Baba Yohanna na Ngong. Akwai maganar da na so a ce ban taɓa faɗinta ba: wai matan gidana ba sa kuka a naƙuda.

Matata Hannatu ta haifi Rifkatu ba wanda ya ji muryarta, na yi ta fahariya a kasuwa. A ciki na biyu ta ciji zane ta yi shiru, don kada ta kunyata ni. Kafin mu gane akwai matsala, ta tafi da ɗan a ciki. Duk da haka ban koyi komai ba.

Bara Rifkatu ta dawo gida haihuwar fari. Naƙuda ta yi tsawo, na kai ta asibiti a Garoua. Dokta ya ce zuciyarta ba ƙarfi, zafin yana ƙara mata nauyi. Akwai allurar baya, peridiral, mai rage zafi, mace kuma tana iya takawa. Na ce a'a, uwarta ba ta yi allura ba. Rifkatu ta dube ni, ta ce wa dokta, "Abin da Baba ya ce."

Ungozoma ta biyo ni waje. "Baba, ka haifi nawa da kanka? To ina uwar tata?"

Na durƙusa a gindin bango na ce, "Ya Ubangiji, ka cire mini wannan dutse daga ƙirji!" Na yi kukan da na hana matan gidana. Na koma na ce, "Rifkatu, ki karɓa. Ni ne na yi kuskure."

Aka yi mata. Can na gan ta tana takawa a hankali, ungozoma na riƙe da ita. Ta tsaya gabana ta ce, "Baba, haka Mama ta ji, ta yi shiru?"

Ta sauka lafiya, ɗa namiji. Yabo ga Ubangiji! Amma gidan surukarta ta je wankan jego, har yau ba ta kwana a gidana ba. Ba na ganin laifinta.

Na gode wa Allah da ya bar mini ita. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Ina kuma roƙonku, maza: in likita ya kawo sauƙi, ku bar mai ciwon ta amsa da bakinta. Kada ku yi abin da na yi.