Shekara Guda Ina Ɓoye Hannuna

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Hannatu, ɗinki nake yi a kasuwar Kafanchan, maigidana kuma ma'aikacin reluwe ne.

Shekara uku da suka wuce, wani farin tabo ya fito mini a gwiwar hannu da cikin gashi, yana ɓarewa kamar ɓawon kifi. Ban damu ba. Da damina ta faɗi sai yatsuna biyu na hagu suka kumbura. Da safe ba na iya juya keken ɗinki sai rana ta ɗaga.

Zuciyata ta ce kuturta ce. Na tuna ƙanen babana a Gwantu, wanda aka yi wa bukka a bayan gari, ana ajiye masa tuwo a bakin ƙofa. Sai na ɗinka wa kaina riguna masu dogon hannu, na yi shiru. Maigidana ma na ce masa sanyi ne, tabon kuwa sabulu ne bai karɓe ni ba. Shekara guda cur ina waƙa a tsakiyarku, hannuna na cikin zane.

Wata Alhamis bayan taron mata, shugabarmu Mama Saratu ta riƙo hannun nan, ta duba.

"Hannatu, tun yaushe?"

Kuka kawai na yi. Muka durƙusa a bakin benci, na ce, "Ya Uba, ko kuturta ce, ni taka ce." Nan take tsoron ya sake ni. Mama ta miƙe ta ce, "Mun yi addu'a. Gobe sai asibiti, ni zan raka ki."

Washegari a asibiti, likita ya sa na rufe ido, ya shafa auduga a kan tabon. Na ce ina ji sarai.

Ya ce, "Ba kuturta ba ce, ba kuma za ki sa wa kowa ba. Ciwon fata ne mai shiga gaɓoɓi, abin da ya riga ya ci kuwa ba ya dawowa. Da kin zo tun farkon kumburin, da wataƙila yatsun nan ba su lanƙwashe ba."

Ya ba ni ƙwayoyi da wani man shafawa mai warin kwalta, ya ce kada in fasa zuwa ko da na ji sauƙi. Ban taɓa fasawa ba.

Ga yatsun, ku duba, har yau a lanƙwashe suke. Tsorona ne ya jawo. Sauran takwas ɗin kuwa Ubangiji ya tsare mini, da su nake ciyar da 'ya'yana. Yabo ya tabbata gare shi!

In akwai mai ɓoye ciwo a cikinmu, ki dogara ga Yesu, ki fito da shi tun yau. Ni ma zan raka ki. Amin.