Baba Issaka Ya Ƙona Asalinmu

Salamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Sunana Salisu, tela ne ni a unguwar Nyohini, nan Tamale.

Ɗana ya je neman aure a unguwar Dabokpa, iyayen yarinya suka tambayi asalinmu. Mu dai abin da muka sani, kakanmu ya zo Tamale da fataken goro. Amma ya bar takardu, inda ya rubuta garin da aka haife shi da sunayen iyayensa, Hausa ce da baƙaƙen Larabci. Marigayi babanmu ya ce suna hannun ƙaninsa, Baba Issaka.

Na je na durƙusa na roƙa. Ya ce, "Ai bara na ƙona su. Ɓera ya ci gefe, na ji tsoron yara su taka sunan Allah."

Na ce, "Baba, ka ba wani ya karanta?" Ya ce rubutun Larabci ai duk addu'a ne. Har yau gani yake lada ya samu.

Iyayen yarinya suna jiran amsa. Jama'a, ku ba ni shawara, me zan kai musu? Ko tokar ma bai ajiye ba.